Tukunyar Likita Dou

"Ba wannan ba, matar ƙanena, durowar ƙasa," in ji Likita Dou daga kan gado, yana nuni da haɓa. "Tufafin da za a binne ni da su suna can, cikin shuɗin ƙyalle."

Qiu Lanfen ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Kwana tara ke nan tana jinyar maƙwabcin nata, tun da ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa gardama. Ɗansa Haoran yana birnin Shenzhen, kullum gobe zai taso. Ita ke dama wa Likita kunun gero, ita ke dafa masa saiwoyin da ya rubuta wa kansa, ta tsallako lungu da kwano a hannu safe da yamma.

Ƙyallen ya maƙale. Ta fizga da ƙarfi, sai ga ƙananan kwalaye farare masu koren layi sun zubo a ƙafarta. Karatun Lanfen bai yi nisa ba, amma wannan kwali ko a mafarki ta gan shi za ta gane shi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka rufe masaƙar da mijinta Geng Shoutian, wanda Likita ke kira ƙanensa, yake aiki. Mutum mai barkwanci ya koma ba ci, ba magana, sai kallon bango. 'Yarsu Suying ta ja shi asibiti, aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi irin wannan kwali. Likita Dou kuwa, mai maganin gargajiya wanda duk lungun ya yi imani da yatsunsa uku, ya dafa jijiyar hannun Shoutian, ya duba harshensa, ya ce iskar hanta ce ta ƙulle. Ya ce ƙwayoyin asibiti kututture suke mayar da namiji, Lanfen ta raba shi da su. Ya ƙulla mata saiwoyi da ɓawo da jan dabino, ya ba ta aron tukunyarsa ta ƙasa. Da hannunta ta zuba ƙwayoyin a murhu. Bayan wata biyu masunta suka tsamo gawar Shoutian a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.

Ranar da aka binne shi Suying ta ce, "Ke da tsohon nan kuka kashe mini uba." Lanfen ta ɗauke ta da mari a gaban jama'a. Daga ranar yarinyar ba ta ƙara cin tuwon Sabuwar Shekara a gidan ba.

Lanfen ta ɗago kwali ɗaya. "Na wa ne wannan?"

"Mayar da su inda suke."

"Tambayarka nake yi, Likita."

Ya lumshe ido. Ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. "Nawa ne."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka tsamo shi. Barci ya guje ni. Na sha saiwoyina wata shida, ya gyara mini ciki, amma abin da ke nan," ya taɓa ƙirji, "bai motsa ba. Sai na hau mota na tafi asibitin ƙetaren kogi, inda ba wanda ya san fuskata."

"Sun yi maka aiki?"

A waje mai sayar da waken suya yana ta busa ƙahonsa.

"Ina haɗawa da nawa. Su biyun tare ne suka riƙe ni."

"Suka riƙe ka." Ta maimaita a hankali. "To ina kututturen? Na ga kullum da asuba kana filin shaƙatawa kana karkaɗa hannu, ka dawo ka cinye kwano biyu."

"Matar ƙanena..."

"Kada ka ƙara kira na haka! Duk shekara ranar sharar kaburbura kai ke raka ni wurinsa. Ka tsaya da hularka a hannu kana ce mini lokacinsa ne ya yi, magani ya zo a makare. Sau goma sha ɗaya ka faɗa mini. Ashe ƙwayar tana cikinka kake faɗa."

"Shekara arba'in sunana yana lungun nan. Da na buɗe baki, wa zai ƙara miƙo mini hannunsa?"

"Na mari 'yata saboda kai. Jikana yana aji uku, a hoto na san shi."

Abin da ya fi ƙona mata rai, ko haƙuri bai ba ta ba. Ido kawai ya buɗe, ya dubi kwalayen a ƙasa, ya dubi ƙofa.

"Gobe Haoran zai iso," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Yaron nan yana ganin ubansa da daraja. Ki taimake ni, ki jefa su a murhu kafin ya zo."

Dariya ta kuɓuce wa Lanfen, wadda ba ta da daɗin ji. Ta tsince kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan teburinsa, kusa da ƙaramin matashin da marasa lafiya ke ɗora hannu. Ta ajiye masa shuɗin ƙyallen a ƙafar gado, ta gyara masa bargo don hannunta ya riga ya saba, ta fita.

A ɗakin girkinta tukunyar tana kan wuta, maganinsa na yamma yana tafasa. Kowa a lungun ya sani, tukunyar magani ba a mayar wa mai ita, in ka mayar, ciwo ka kai masa gida. Mai ita ne ke zuwa da ƙafarsa ya karɓa. Likita Dou bai taɓa zuwa ba, ita kuma duk shekarun nan ta ɗauka karamci ne. Sai yau ta gane ba ya son haɗa ido da tukunyar ne.

Ta sa tsumma ta sauke ta, ta fito da ita tana tururi.

Matar Pang mai sayar da taliya ta saki ludayi. "Lanfen! Kin haukace? Mutum yana gargara za ki kai masa tukunya?"

"Kayansa ne," in ji Lanfen. Ta dire ta a bakin ƙofarsa, ta koma gida.

Washegari da hantsi Haoran ya iso, da rana tsaka tsohon ya cika. Daga baya ɗan ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, sanye da fararen kayan makoki, kwali ɗaya a hannunsa.

"Gwaggo Qiu, na wani majinyaci ne ya manta?"

"Duba sunan da ke jiki," ta ce.

Da la'asar aka fara jingina furannin takarda a bangon gidan. Masu ta'aziyya suna shiga suna fita, kowa ya zo bakin ƙofa sai ya tattare rigarsa ya kewaye, ba wanda ya yarda ya taɓa tukunyar. Lanfen tana zaune a 'yar kujerarta a nata ɓangaren lungun, waya a cinya, lambar Suying a buɗe, yatsanta bai danna ba tukuna. Yayyafi ya soma sauka. Tana jin ɗigon yana faɗawa cikin maganin da ya huce.