Kwamfutar da Aka Rufe wa Baki

Tsohon direban bai san komai game da kwamfuta ba, kuma ba ya neman sani. Burinsa ɗaya ne, ya yi wasan tseren mota da Autarsa, wadda aiki ya kai ta gari mai nisa, shekara biyu ke nan. Tun tana ƙarama suke wannan tsere a na'urar da ake jonawa da talabijin, yana rage gudu da gangan don ta wuce shi. Yanzu ta ce wasan ya koma kwamfuta, in ya samu tasa za ta riƙa gayyatarsa duk Asabar da yamma.

Sai ya sauka shagon Injiniya, matar da ke haɗa kwamfutoci a ƙasan benensu.

"'Yata, maɓalli ɗaya nake so. In danna, mota ta fito. Ban da tambaye-tambaye."

"Baba, ai kwamfuta ba ta rabo da tambaya," in ji ta tana dariya. "Amma bar ni da ita."

Ta kuwa yi aiki. Ta cire kalmar sirri, ta ɓoye tarkace, ta kashe duk saƙon da ke faɗowa kan allo. Ana kunnawa sai titi da mota.

Asabar ta farko har wanka ya sake, ya zauna da abin tuƙi a cinya. Gayyata ba ta zo ba. Ya zagaya titin shi kaɗai har rana ta faɗi. Ta biyu haka, ta uku haka. Kewar Auta ta ishe shi, ga shi suna waya, amma hirar ba ta wuce ciwon gwiwarsa. Shi dai ba zai zama tsohon da ke roƙon a yi wasa da shi ba. Direbobi ke nan, gara su ɓata da su tambayi hanya.

A mako na huɗu ya rungumo kwamfutar ya dire wa Injiniya a tebur.

"Ba wa mai buƙata. Yarinyar ba ta da lokaci."

Injiniya ta kunna, ta ɗan latse-latsa, sai ta dafe kai.

"Baba, laifina ne. Da na kashe saƙonnin nan, ashe har da gayyatar Auta na kashe."

Ta juyo masa da allon. Ga su nan jere, kowace Asabar sau huɗu, sau biyar. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ya ce ta karanta masa na ƙarshe. Ta karanta masa.

"Ba komai Baba, na gane ka gaji da wasan yara. Ba zan ƙara damunka ba. Ka dai riƙa shan maganinka."

Ya zauna a kan wani kwali, ya ciro wayarsa. Ya lalubo sunan Auta, ya danna kira.