Romon da Sufeto Ya Shanye

Ni dai aikina a jirgin ƙasa na gwaji girki ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da Injiniya Jadwiga ta shekara biyu tana fama da shi. Ta sa wa taragun wasu shokazoba masu jin umarnin kwamfuta, da jirgi ya fara tangaɗi sai su lallashe shi. Ranar nan sufeto ya zo daga Warsaw. In bai sa hannu ba, za a kwance komai a mayar da tsofaffin.

Sunansa Bolesław Sowa, dogo, da farar riga tas. Da aka nuna masa allon kwamfuta mai nuna jirgi ba ya tangaɗi, sai ya taɓe baki.

"Injiniya, na'urarki ce ke yabon na'urarki. Ni ma a ba ni fensir sai in ja layi miƙaƙƙe."

To mu ma'aikatan wannan layi muna da namu gwajin. A cika kwano da romon żurek, mai tsiran nama da dafaffen ƙwai, har baki, a ajiye a tebur kafin babbar kwana. In an wuce bai zube ba, jirgi ya ci. Jadwiga ta raɗa mini, "Witek, cika shi, ka ajiye a gabansa, ya gani da idonsa."

Na ajiye. Jirgi na ta ƙara gudu. Sufeto ya sunkuya ya sansana, ya ce, "Allah sarki, ko karyawa ban yi ba." Ya ja cokali.

Duk muka dubi juna. A wurinmu ba a ce wa baƙo ya ajiye cokali. Baba Zdzisław, tsohon makanikinmu, ya dafe kai.

"Ya cinye mana kayan aiki," in ji shi a hankali. "Kai Witek, wa ya ce ka sa tsiran nama? Da ruwan wanke-wanke ka zuba."

Na sake cikawa. Ya yi godiya, ya sake farawa. Jadwiga tana ta duban agogo. Ni kuma da na ga bai da burodi, sai na kawo masa.

A kwano na uku ya ɗago cokali cike, ya tsaya da shi a gaban baki.

"Wai ina kwanar nan da ake ta ba ni tsoro da ita? A gaya mini in ajiye, kada in ɓata riga."

Baba Zdzisław ya leƙa taga, ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, ai mun bar ta a baya. Kana kan rabin ƙwai aka shige ta."

Sufeto ya dubi cokalin, ya dubi ƙirjin rigarsa. Ko ɗigo babu. Ya shanye, ya goge baki, ya ce a miƙo masa takardar ya sa hannu.

Jadwiga ta zube a kujera, ta ce in zubo mata nata. Na leƙa tukunya, na ce ta yi haƙuri, sai dai shayi.