Tabarmin Baba Labbo

"Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta," in ji wani mai keke. Ya jingine kekensa da bango, ya tuɓe takalma ya zauna a bakin tabarma. "Yaushe aka yi rasuwar?"

"Yanzun nan aka faɗa mini," in ji Baba Labbo, hawaye na bin gemunsa.

Luba ta tsaya cak. Saukarta ke nan daga jirgin ƙasa, ko akwati ba ta ajiye ba, sai ga tabarmi uku shimfiɗe a ƙofar gidan maƙwabcinsu. Ta faɗa gida da gudu.

"Inna, wa ya rasu gidan Baba Labbo?"

"Matarsa, Hasana," in ji uwarta, ba ta ko daina tankaɗe ba.

"Inna Hasana da ta shekara tara a ƙasa?"

"Ita fa. Kullum sai ta sake mutuwa bayan la'asar."

Ashe tun shekarar da aka yi canjin hannun tuƙin mota tsufa ya fara ruɗa tsohon. Da ya sallame la'asar sai ya leƙa ɗaki ya ce, "Ina mutuniyar Tsafe?" Haka yake kiranta, bai taɓa kama sunanta ba. Ɗansa Mu'azu kuwa, direban babbar mota, mutum ne da ba ya ƙarya ko da wasa, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ta rasu." Shi ke nan, mutuwa ta dawo ɗanya. Tsoho ya yi kuka, ya jawo tabarmi ya shimfiɗa na zaman makoki. Mutanen Tudun Wada sun gane, suna ratsewa. Amma baƙo fa? Wane Musulmi zai ga dattijo na kuka kan tabarma ya wuce? Har wani mai goro an yi da ya yi ta'aziyya sau uku kafin ya farga.

Da yamma Luba ta sami Mu'azu a zaure, ya yi tagumi.

"Na gaji, Luba. Ba ya cin abinci, ga shi ya fara dukan ƙofa in na ɓoye tabarmin. Ran Asabar zan kai shi Bungudu. Akwai mai maganin da ke ajiye irinsu."

Luba ta san irin ajiyar. Mari ne a ƙafa, da ɗaki mai duhu. Wannan tsohon da ya riƙa ɗora ta kan jakinsa tana ƙarama! Wata tara ta yi a Kaduna tana kwas na kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa da tsofaffi masu ruɗewa, ga shi jarrabawar gaske na jiranta a ƙofar gida.

"Yaya Mu'azu, ba hauka ba ce. Ciwon mantuwa ne. Ka daina gaya masa ta rasu."

"To, Malama nas! Abin da gwamnati ta tura ki koyo ke nan? In dubi ubana in yi masa ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya? An koya mana, mai wannan ciwon in ya nemi mutum, kewarsa yake yi. Ya tambaye ka ita, kai ma ka tambaye shi ita. Ka ba ni lokaci zuwa Juma'a."

Ranar farko ta sha kunya. Ta zo da fararen kayan aiki, tsoho ya ɗauka Baturiyar allura ce, ya kore ta da sanda, Mu'azu na dariya har da riƙe ciki. Washegari ta ɗaura zanen uwarta, ta riƙo ƙoƙon fura, ta zauna tun kafin ya sallame.

"Ina mutuniyar Tsafe?"

Mu'azu ya buɗe baki, Luba ta harare shi.

"Baba, wai ni a ina ka samo mutuniyar Tsafen nan?"

Tsoho ya tsaya. Ya dube ta ya daɗe. Sai gefen bakinsa ya motsa.

"Ke ɗiyar nan, ba ni na samo ta ba. Jakina ne."

"Jaki kuma?"

"Ran kasuwar Tsafe. Na sauke kayan gishiri, na juya baya, ja'irin ya tsoma baki cikin gyaɗarta. Ta ɗauko muciya ta kai masa duka, ya goce, ta same ni a nan!" Ya ture hula ya nuna tabo. "Na ce, yarinya, tunda kin fasa kan, sai ki zo ki yi jinyarsa."

Ya yi dariya har da tari, ya karɓi furar ya shanye tas. Mu'azu ya juya baya yana share ido. Shekararsa arba'in bai taɓa sanin asalin tabon nan ba.

Tabarmin dai ba su daina fitowa ba, don hannun tsoho ya riga ya saba. Luba ta ce a bar shi ya shimfiɗa abinsa. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara ambaton Bungudu. Mu'azu ya koya, matarsa ta koya, har mai goron nan ya koya. Kowa ya zo sai ya ce, "Baba, ina aka samo mutuniyar Tsafe?" Labari kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Yau jaki ya cinye mudu, gobe ya cinye buhu, wata rana ma har da kwandon ya haɗiye. Muciya ce kaɗai ba ta taɓa canzawa ba. Akwai ranakun da yake tashi da rigima, ya ƙi kowa, amma bai sake zaman makokinta ba. Damina biyu aka yi haka, ya yi ƙiba har rigarsa ta sallah ta matse shi.

Wata Laraba Luba ta taso daga asibiti ta tarar an cika tabarmi. Tsoho ya jingina da bango, labarinsa ya kai wurin muciya, ana ta dariya.

"To Baba, da ta fasa kan, sai ka ce mata me?" in ji Mu'azu, ko da yake ya ji amsar sau ɗari.

Shiru. Hular na hannun tsohon, bakinsa da sauran murmushi. Luba ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa kamar yadda aka koya mata, ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ɗago ta dubi Mu'azu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi a hankali. Ya karɓi hular ya mayar wa ubansa, ya rufe tabon.

Kafin magariba aka kai shi. Da aka dawo daga maƙabarta ba a nemi abin zama ba. Tabarmin nan uku suna nan a ƙofar gida yadda ya shimfiɗa su da hannunsa, da dutse a kan kowace kusurwa don kada iska ta naɗe.