Mutum Na Biyar

Ni ba likita ba ce, ko allura ban iya yi ba. Aikina a ƙaramin asibitin gundumarmu shi ne zama gaban kwamfuta ina cika jadawali, har ma'aikatan jinya suka laƙaba mini Mbak Kwamfuta, wato Yaya Kwamfuta da yarenmu, alhali sunana Ningrum. In magani ya ƙare ni ake harara, in ya yi yawa ya lalace a firji ma ni ce dai.

Maganin dafin maciji ya fi kowanne ba ni ciwon kai. Ga tsada, ga shi ba ya jimawa, kuma babban ofishi ba ya saki sai ka kai hujja a rubuce. Shugabanmu, Dokta Harjanto, ya kafa ƙa'ida: a ajiye adadin da yiwuwar ƙarewarsa ba za ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Na duba rajistar shekara goma, na ga a watan girbin shinkafa galibi mutum biyu ne kububuwa kan sara. Na jera lambobin mutanen da za a iya sara, daga sifili zuwa goma, kowace a layinta, kwamfuta ta fitar da yiwuwar kowace a gefe. A layin biyar ta ce kashi uku da ɗigo shida. Bai kai kashi biyar ɗin ƙa'ida ba. Na rubuta cewa maganin mutum huɗu ya wadatar, Dokta ya sa hannu bai ko zauna ba.

Cikin sati uku mutum huɗu suka zo, duk suka koma gida da ƙafarsu. Ranar wata Laraba da azahar aka kawo na biyar a kan babur, tsakanin mutum biyu, ƙafarsa kumburarriya tana jan ƙasa. Sunansa Pak Sukijo, wato Baba Sukijo. Firji babu komai. Aka sa shi a motar asibiti zuwa birni, tafiyar awa biyu, bai kai ba.

Kowa ya ce ƙaddara ce, ni ma na ce. Amma tun daga ranar, in rana ta take ofis ya yi tsit, sai in ji kamar ana jan ƙafa a baranda. In leƙa, ba kowa sai kajin mai gadi.

Matarsa, Bu Tarmini, wato Mama Tarmini, ta kawo mana abincin sadakar bakwai a ƙananan kwandunan gora, shinkafa da kaza da ayaba. Ta kawo na arba'in. Kullum sai ta yi godiya, wai mun yi iya ƙoƙarinmu. Na ci, har na yaba yajin. Wannan yana cikin abubuwan da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Da wani girbin ya matso, don a nan ba sau ɗaya ake girbin shinkafa a shekara ba, na buɗe tsohon jadawalin don in kwafe. A ƙarshen umarnin lissafin akwai wani ɗan gurbi da ake zaɓa: a tara yiwuwar daga sifili zuwa nan, ko a ba da ta wannan lambar kaɗai. Ni na zaɓi ta lambar kaɗai. Wato na tambayi yiwuwar a samu mutum biyar cif, alhali magani yana ƙarewa ko biyar suka zo, ko shida, ko bakwai. Na gyara, na tara daga sifili zuwa huɗu, na cire daga ɗari. Kashi biyar da ɗigo uku. Ya haura ƙa'ida. Da na yi daidai, maganin mutum biyar za mu nema, kuma da Pak Sukijo ya tarar da nasa a firji.

Sau uku na sake, ko zan kama kwamfutar da ƙarya. Ba ta canza ba.

Na kai wa Dokta takardun biyu. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce in nemi na mutum biyar wannan karon, in goge tsohon, maganar ta mutu a nan. Ai shi ma ya sa hannu, kuma tonawa ba za ta tashi mamaci ba. Na san tausayina yake ji, amma haushinsa ya kama ni, don ya sauƙaƙa mini abin da bai kamata ya yi sauƙi ba.

Bayan kwana biyu Bu Tarmini ta shigo da sadakar kwana ɗari. Ta ajiye kwandona a kan tebur.

"Mbak Kwamfuta, kin rame. Injin nan naki ba ya ba ki abinci ne?"

Na ja mata kujera, na juyo da allon wajenta, na faɗa mata komai. Na nuna mata layin biyar. Na ce laifina ne, ba na maciji kaɗai ba. Ban san ko ta gane lissafin ba, amma ta gane sauran. Ta zuba wa ɗan akwatin da lambar take ciki ido, har na fara fatan ta zage ni in huta.

"Nan ne shi?" ta tambaya, ta ɗora yatsa a kan allon.

"Nan ne, Bu."

Ta janye hannun ta goge a zaninta. Ta ce gonar ba ta san an yi mutuwa ba, shinkafa ta nuna, kuma ba ta da wanda za ta tura. Jibi ita da kanta za ta shiga da lauje.

"Wannan girbin na mutum nawa kika nema?"

"Biyar, Bu."

"In na zo ta shida fa?"

Amsar tana gabana a layin ƙasa, na riga na lissafa ta daidai wannan karon: kusan kashi biyu cikin ɗari, kuma ƙa'ida ta ce wannan ba komai. Na juya allon ya koma wajena. Ta ɗan jira, sannan ta tashi ta kwashi sauran kwandunan, don akwai ɗakin jinya da ba ta kai wa ba tukuna.