Goron Shaidar Hawa na Bakwai

"Maimaita, Uwais, wayar na tsinkewa!" Malam Yahuza ya toshe kunne ɗaya, yana kai da kawowa a zauren Alhaji Mani.

"Baba, ginin ya tsaya a hawa na huɗu tun bara. Kamfanin ya rufe ofis. Ɗakin da na nuna maku, ashe shi suke nuna ma kowa."

"Na babanka hwa?"

"Hawa na bakwai ne," in ji Uwais. "Don Allah kada ka gaya mashi."

Innalillahi! Yahuza tela ne, katanga ɗaya ce tsakaninsa da Alhaji Mani shekara talatin da ɗaya a Faskari. Ya san ranar da maƙwabcin nasa ya canza: ranar da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa ta Mairuwa. Ya dawo da rai bayan kwana arba'in, amma natsuwa ba ta biyo shi ba. Babur ya wuce, sai ya zabura. Ya je Ƙanƙara wurin ƙanensa, ya je Sabuwa wurin surukai, duk labarin ɗaya ne. Ana cikin haka ɗansa Uwais, mai karatu a wani tsibiri cikin Bahar Rum, ya turo hotunan gidaje a bakin teku inda Turawa ke zuwa hutu. Ba harbi, ba gudu. A zuba 'yan haya, in abu ya ɓaci a kwashe iyali a tafi. Alhaji ya sayar da gonar kakaf don ya sayi ɗaya.

To shi Alhaji ko kango bai taɓa saye ba babu shaidu. Ya kira Yahuza, aka jingina waya jikin buta, Uwais na bin bango-bango yana nuna gabas da yamma kamar mai taka iyakar gona. Har alƙibla sai da Alhaji ya tambaya. Aka gama, ya miƙo goro, don a garin nan wanda ya ci goron ciniki ya ɗauki shaida ke nan. Yahuza ya karɓa, amma bakinsa ya ƙi. Gonaki nawa ya shaida, duk sai da ya taka su da ƙafarsa. Ya jefa goron cikin aljihun keken ɗinki, ya yi shiru, kuma shirun nan ne yake cin sa yau.

"Malam, yana kiranka," in ji Hajiya Barakatu, matar Alhaji, daga bayan labule.

Kwana takwas ke nan ciwon zuciya ya kwantar da Alhaji, ƙafafu sun kumbura suntum. A juya shi dama, ya ce hagu. A buɗe taga, ya ce a rufe. Yatsunsa sai tsinkar bakin zanen gado suke yi.

"Yahuza, zauna. Barakatu ba ta yarda da waya ba, da kai ta yarda. In na tahi, ka gaya mata ban bar su hannu banza ba. Ka ga gidan, ko?"

Tausayi ya kama Yahuza, haushin kansa kuma ya fi tausayin. Mi zai ce ma mutum wanga, ana jin numfashinsa daga tsakar gida?

"Na ga abin da ka gani, Alhaji."

"Alhamdu lillahi." Yatsun suka saki zanen. Rabon da Yahuza ya ga hannun nan ya tsaya wuri ɗaya tun kafin a kai shi daji. Ana kiran la'asar rai ya yi halinsa.

Mutanen unguwa suka haƙa kabari, Yahuza ya ɗinka likkafani da hannunsa. Kwana biyu yana karɓar gaisuwa, ya zauna ya tashi, abinci ya ƙi shiga.

Rana ta uku da safe Hajiya ta aika a kira shi. Tana zaune bisa tabarma cikin takaba, ɗiyanta mata biyu a gefe.

"Malam, na ce a fidda masarar ɗaki a yi mashi sadaka da ita duka, tunda ya ce hayar za ta fara shigowa wata mai kamawa. Na ce dai bari in ji daga bakinka."

Masarar nan ita kaɗai ta rage masu har kaka. Yahuza ya ce a yi masa haƙuri, ya fita, ya shiga shagonsa, ya dawo. Ya durƙusa nesa da ita.

"Hajiya, a fidda tiya biyu. Sauran kada a taɓa."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a bakin tabarma. Goro ne guda, ya bushe ya yi baƙi, ko tabon haƙori babu a jikinsa.

Hajiya ta kalli goron. Can ta miƙa hannu, ta zare makullin ɗakin masara daga hannun babbar ɗiyarta, ta ƙulle shi a bakin zanenta.