Zakaran Ɗori

A gidan su Ɗanmaliki mai ɗori, can Kebbe, akwai wata ƙa'ida da suka gada daga kakansu, ba su kuwa taɓa sassauta ta saboda sarautar wani ko dukiyarsa ba. Idan aka kawo musu wanda ya karye, sai an haɗo da zakara. Mai ɗori zai karya ƙafar zakaran, ya ɗaure ta da kara da tsumma kamar yadda ya ɗaure ta mutumin, ya shafe su da man shanu guda. Daga nan ba a kwance wa majiyyaci ɗori sai ranar da zakaran ya taka ƙafarsa ya yi tafiya. Haka aka yi wa iyaye, haka kuma aka yi wa Ɗangiwa na Sanyinna, shekarar da babur ya kayar da shi a hanyar Kebbe, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya rabu biyu.

Zakaran da aka kai na matarsa Batula ne, ja, mai dogon wuya, wanda ta rena tun yana ɗan tsako. Ba a nemi izininta ba. Aka dawo da su biyun gida cikin mota guda, aka shimfiɗa wa Ɗangiwa katifa a zaure, aka ajiye zakaran a kusurwa bisa wani tsohon buhu.

Wanda bai san Ɗangiwa ba zai ɗauka ciwon ƙafar ne ya fi damunsa. Ba shi ba ne. Tun rasuwar mahaifinsa, shi ke fara sa garma a ƙasa a unguwarsu, babu mai ɗaura wa shanunsa karkiya sai ya ga fitar bijiman Ɗangiwa guda biyu, Gudale da Ɗanja. Abin da yake taƙama da shi a kowace majalisa shi ne bijiman nan ba su san muryar kowa ba sai tasa. Ga shi ya karye a ƙarshen bazara, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, ga kuma ƙanensa Bilyaminu yana shiga yana fita wurin turke da sunan ba su dusa. Idan ruwa ya sauka yana kwance, wani zai riƙe garmarsa, unguwa kuma ta gane cewa ana iya huɗa ba da shi ba.

Mutumin da ya saba yini a tsaye, zaman zaure azaba ne a gare shi. Ya saurari rediyo har ya haddace muryoyin masu karanta labarai, ya soma yi musu gyara. Ya latsa wayarsa har babu sauran wanda bai kira ba. Ya san kowace azara ta rufin zauren, da wadda gara ta ci, da wadda ta lanƙwasa. Ya san ƙadangaren da ke hawa bango da hantsi da wanda ke korarsa. Rana takan shigo ta ƙofa ta kwanta a kan tabarma, ta yi ta jan ciki kamar ba za ta isa bango ba, shi kuwa yana kallonta, babu abin da zai yi mata.

Da farko masu dubiya sun cika zauren. Atu, abokinsa tun na ƙuruciya, ya zo ya tsuguna yana duban kusurwa yana murmushi.

"Ashe ɗaki guda anka ba ku kai da zakara. To wa ka gaida wani da safe?"

Wasa ne irin wanda suka saba, amma Ɗangiwa ya ɗago kai ya dube shi a gaban mutane.

"Shi dai zakaran nan kaji fuɗu ad da shi, kuma shi ka nema musu abinci. Kai fa, Atu? Ina jin har yau ƙosan matarka ka riƙe da gidanka."

Ba wanda ya yi dariya. Atu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, bai sake dawowa ba. Haka Ɗangiwa ya bi masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tono masa abin da ya fi jin kunya, don ya lura yini yakan ɗan yi sauri idan ya ga fuskar wani ta canza. Ba a daɗe ba masu dubiya suka koma yin sallama daga waje su wuce.

Wata safiya Bilyaminu ya durƙusa a bakin katifa.

"Yaya, hadari ya fara haɗuwa. In ruwa yas sauka ba ka tashi ba, ko in ɗaura musu karkiya in rage maka aiki?"

"Tun zamanin Baba ka taɓa ganin ƙane ya riga wa fita da garma?"

"Ban gani ba, Yaya. Amma Baba bai taɓa karyewa gab da shuka ba."

"Ranar da kas sa hannu ga karkiyata, ka nemi wani zaure da za ka riƙa shiga."

Bilyaminu ya sunkuyar da kai ya fita. Zaure ya rage daga Ɗangiwa sai zakara.

Batula takan zuba wa zakaran gero a sakaina, ta sa masa ruwa a murfin kwano, ta ajiye dab da bakinsa don kada ya motsa. Wata rana da azahar, don rashin abin yi kawai, Ɗangiwa ya ɗauki sandar da yake kora shanu da ita, ya tura sakainar gefe kamar taki guda. Zakaran ya miƙa wuya bai kai ba. Ya buɗe fiffike, ya ja ƙirjinsa a ƙasa, ƙafar da ke cikin kara tana biye da shi, har ya isa. Ɗangiwa ya yi dariya, karo na farko tun da ya kwanta. Ya sake turawa.

Kafin la'asar abin ya wuce wasa a zuciyarsa. Ya yi tunani cewa ƙa'ida ba ta ce sai an jira zakara ya ga dama ba, cewa ta yi idan ya taka. Shi kuwa ya san yadda ake tayar da dabba. Tun daga ranar ya samu aikin yi. Da Batula ta juya baya sai ya ture geron zuwa tsakiyar zaure, ya kifar da ruwan da bakin sanda. Kullum yana ƙara nisa. Idan zakaran ya gaji ya kwanta, baki buɗe, sai ya zungure shi a haƙarƙari. Yanzu rana ba ta yi masa jan ciki, kafin ya ankara an kira magariba.

Batula ba makauniya ba ce. Ta ga shatin ja a ƙasar zaure, ta ɗaga zakaran ta ji shi sakayau kamar kara, gashin ƙirjinsa ya zube, fatar ta yi ja.

"Malam, mi kaka yi ma dabbar nan?"

"Tafiya nika koya mai."

"Da ƙishirwa? Ƙafatai fa a karye take, kuma saboda kai anka karya ta."

"Gudale ma haka niy yi mai da yana maraƙi. Mai karaya ba ya tashi in abinci na zuwa bakinai. Ajiye shi inda kig gan shi."

Ta mayar da sakainar kusa da zakaran. Yana kallonta, ya miƙa sanda ya ture ta har bakin ƙofa, ya ce idan ta ƙara taɓawa zai sa a fitar da geron gaba ɗaya. Batula ta tsaya ta dube shi, ta dubi sandar, ta koma cikin gida.

Zakaran ya tashi kuwa. Wata hantsi ya dafa ƙasa da fiffike, ya miƙe yana rawar jiki, ya taka. Ƙafar ta juya waje, yatsun suna kallon gefe, kowane taku sai ya tuntsura kamar zai faɗi, amma ya kai bakin ƙofa a tsaye. Nan take Ɗangiwa ya kira Kebbe a waya.

Ɗanmaliki ya zo bisa babur washegari, dattijo ne mara yawan magana. Ya kwance tsumman zakaran, ya bi ƙashin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Wa yat tashe shi?"

"Shi yat tashi da kainai."

"Wanga ƙashi bai haɗe ba, an tilasta mai ne, ya kame a karkace."

"Malam Ɗanmaliki, ƙa'idar gidanku cewa ta yi in zakara ya taka. Ya taka ko bai taka ba? Mahaifinka ya yi ma mahaifina ɗori, ban ji an ce ya tsaya duban kyawun tafiyar zakara ba."

"Mahaifinka bai hana zakara ruwa ba." Ya ajiye zakaran a hankali, ya matsa ƙwaurin Ɗangiwa ta saman kara, Ɗangiwa ya cije leɓe. "Don a tsare masu gaggawa kakanmu yas sa zakara. Kai ka ɓata naka. Yanzu babu abin da za ka duba, sai dai ka jira bakina, ni kuwa ban ce ka tashi ba."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko ruwan gidan bai sha ba.

Ruwa ya sauka a makon, da yamma, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Ƙamshin ƙasa ya cika zaure. Washegari unguwa ta yi tsit, masu shanu suna leƙen ƙofar Ɗangiwa kamar yadda aka saba, ba wanda ya fita. Rana ta buɗe, ƙasa ta fara shan iska. Safiya ta gaba Ɗangiwa ya ji ƙarar da ya fi sani a duniya daga bayan bango, itacen karkiya yana bugun ƙaho.

Bilyaminu ya leƙo, bai shigo ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Laimar ƙasa na tafiya, mutane kuma mu suka jira. In munka ƙara kwana, bana sai dai mu ci na saye."

Bai tsaya jin amsa ba. Ɗangiwa ya jawo wuƙar da yake yanka goro da ita, ya bi tsumman ɗorin ya yayyanke, karare suka zube a kan katifa. Ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari-fari. Ya dafa bango, ya dogara sanda, ya miƙe. Zauren ya juya masa, ya tsaya har ya daidaita. Ya ja jiki zuwa ƙofa daidai lokacin da bijiman suka zagayo, Bilyaminu yana bayansu da garma, maƙwabta sun fito suna kallo.

"Gudale," in ji Ɗangiwa, da muryar nan da ya ce ita kaɗai suka sani. "Ɗanja. Tsaya."

Gudale ya karkaɗa kunne. Bilyaminu ya ɗan kaɗa harshe, bijiman suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar tun haihuwarsu shi ke bin su.

Ɗangiwa ya saki bango ya tsallake dokin ƙofa, ya sauke ƙafar dama a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dukan nauyinsa. Waɗanda ke tsaye sun ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ya kife cikin taɓo. Bilyaminu da wasu mutum biyu suka kinkime shi suka mayar da shi katifa, aka kira Kebbe. Da aka ga babu sauran abin da za a yi sai jira, Bilyaminu ya koma ya kama garma, sauran masu shanu suka bi bayansa.

Ɗanmaliki ya sake ɗorin, aka danne Ɗangiwa yana gurnani. Da ya gama ya wanke hannu, ya faɗa masa a gaban ƙanensa da matarsa cewa ƙafar za ta kama, amma za ta gajarta, kuma ba ƙafar bin garma ba ce har abada. Wani maƙwabci ya tambaya ko a nemo zakara, tunda sabon ɗori ne.

"Ba ni ƙara karya wata dabba saboda wanga gida," in ji Ɗanmaliki. "Wancan ya isa."

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko tsawo. Kowa yana gona. Da safe Ɗangiwa yakan ji fitar bijimansa, da yamma ya ji dawowarsu, yara suna kiran su shanun Bilyaminu. An ɗauke sandar daga zaure, bai san wanda ya ɗauke ta ba. Babu abin da ke motsi a gabansa sai zakaran, wanda Batula ta yi jinyarsa har gashinsa ya fara tsirowa, yana yawo da karkatacciyar ƙafarsa.

Wata rana da azahar Batula ta shigo da tuwo, miyar kuka tana tururi. Ta wuce katifar, ta ajiye kwanon a tsakiyar zaure, ta sa kofin ruwa a gefensa.

"Ga abinci, Malam."

"Matso da shi."

Ta gyara mayafinta.

"Batula, ba ki ji ba? Hannuna ba ya kai."

"Na ji. Kai kac ce mai karaya ba ya tashi in abinci na zuwa bakinai."

Ta shiga gida ta saki labule. Ya kira ta, ya kira Bilyaminu, ya kira sunan duk wanda ya tuna, babu kowa a unguwar. Ya kwanta yana kallon azara har tururin miyar ya ɗauke. Daga baya yunwa ta fi ƙarfinsa. Ya juya a kan cikinsa, ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya fara ja, ƙafar da ke cikin kara tana biye da shi. Bai kai rabin hanya ba zakaran ya taho daga kusurwa yana tuntsure, ya riga shi isa, ya sa baki a cikin tuwon.