Fayafai Huɗu da Muryar Khiem

Saura kwana biyar mu yi taron cikar mijina Khiem shekara guda da rasuwa, aradu ta faɗi a unguwarmu ta kashe akwatinsa.

Baƙin akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin matakalar bene, shi ya haɗa abinsa da hannunsa shekara tara da suka wuce, kwamfutar ajiya ce, saba yake ce mata. Fayafan ajiya huɗu ne a ciki, kuma duk abin da gidanmu ya mallaka na hoto da murya yana nan, har da waƙoƙin da yake rera wa uwarsa da jita duk ranar Lahadi. Inna, surukar tawa, ta makance shekara uku ke nan, hoto ba ya mata amfanin komai. Abu ɗaya ta roƙe ni, ranar taron idan an kunna turare an jera abinci, a sa mata muryar ɗanta.

Ni yadi nake sayarwa, shekara ashirin da biyu. Na san yadda ake lanƙwasa yatsa a kan sandar awo a cinye wa mutum rabin taƙi yana kallo yana godiya. Don haka ban yarda da kowa ba, kuma ban taɓa ganin laifina ba. Shi kansa Khiem bai tsira ba. Watannin da suka gabaci ranar da ya faɗa mini ciwonsa, duk Asabar sai ya hau babur ya ɓace, ya dawo a gajiye yana warin taba alhali ba ya sha. Na ce mace ce. Na faɗa masa ido da ido, na kwashe matashina na koma ɗakin Inna sati biyu. Bai musa ba, dariya kawai ya yi, ita ce ta fi ƙona mini rai.

A jikin akwatin akwai tsohuwar sitikar wani shago, Sau Luc. Na ɗaure shi a bayan babur na nufi kasuwar kayan lantarki, da makata, alƙalamin nan mai kaurin baki, a aljihu. Kowa a Saigon ya san ba a buɗe inji a wurin mai gyara sai an sa hannu a kan kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. In ba haka ba a dafa ka, a zare naka mai lafiya a maye shi da gajiyayye.

Mai shagon, Kawu Sau, tsoho ne siriri, da singileti da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Shagon lungu ne, ya cika da matattun injuna da hayaƙin taba. Ya kwance murfin, ya daɗe yana kallon fayafan, sannan ya kalle ni ta saman gilashi.

“Ke ce matar mai injin?”

“Na ofishinmu ne,” na ce. Wace mace za ta gaya wa ɗan kasuwa cewa mijinta ya mutu? Ai ya samu nama.

“Na ofis,” ya maimaita. “To.”

Na zaro maka na rattaba sunana, Thoa, a kan kowane faifai, kusa da sa hannun Khiem na da. Na sa a kan ram, siraran allunan nan da ke soke a ciki, na sa har a kan fanka. Bai hana ni ba. Ya yi ’yan gwaje-gwajensa ya ce madabod ne ya ƙone, babban allon da komai ke zaune a kansa, amma fayafan lafiyarsu lau.

“Sai a sa sabo,” na ce.

“Sabo ba zai yi ba, ƙanwata. Bod ɗin nan shi ya ɗaure fayafan huɗu suka zama ɗaya. Kowane hoto, kowace murya, yankawa yake ya raba musu. Wanda ba irinsa ba bai san ɗaurin ba, baƙi huɗu kawai zai gani. Ga furosesan nan, ƙwaƙwalwar injin, ba zai zauna a kan sabo ba, ram ɗin ma tsagarsa daban. An daina yin irinsa. Amma ina da guda ɗaya a sama.”

“Ai dole kana da shi,” na ce. “Guda ɗaya tak ya rage, ko? Ni ma haka nake cewa idan yadi ya kwana biyu bai fita ba.”

Ya mayar da murfin akwatin. Na ɗauki kayana na fita ina cewa a raina, tsohon banza, ni za ka sayar wa kwantai.

Na tsallaka titi na shiga wani shagon gilashi mai sanyin esi. Mai shagon da farar riga, baki kamar an shafa masa zuma. Ya ce tsofaffin nan na lungu tsoratar da mutane suke yi. Ya fito da sabon bod a kwali, mai mazaunin faifai shida, da sabon furosesa da sabon ram, tunda na da ba su shiga. Na tsaya a kansa har ya gama haɗawa, idona bai bar hannunsa ba. Ya kunna. Wani rubutu da Turanci ya fito a allo, yatsansa ya nufi maɓalli.

“Me ya ce?” na tambaya.

“Ba komai, babbar yaya. Yana so a shirya fayafan ne. Dannawa ɗaya ce.”

“In an shirya su, abin da ke ciki fa?”

Ya ɗan kalli gefe. Na san kallon nan sarai, shi nake yi idan aka tambaye ni ko yadi yana zuba. Na damƙe wuyan hannunsa.

“Zai iya gogewa,” ya ce a hankali. “Amma ai kuna da kwafi a wani wuri.”

Ba mu da shi. Na miƙa ɗaya hannun na fizge wayar daga soket. Na sa shi ya kwance kayansa tas, na duba sa hannuna a kan fayafan ɗaya bayan ɗaya, na fito. Tsoro ne ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun a asibiti. Da na isa gida Inna ta jiyo motsina ta ce, “An gyara?” Na ce saura kaɗan.

Washegari da hantsi na koma lungun. Kawu Sau yana shan kofi da ƙanƙara, ko mamaki bai yi ba.

“Kawo naka mu gani,” na ce. “Amma a gabana za a yi komai.”

Ya hau sama ya sauko da gwangwanin biskit. A ciki bod ne a cikin leda mai ruwan azurfa, ba tsatsa, ba ƙura. Wannan ma ya ƙara mini zargi, don tsohon abu ba ya tsafta haka sai an wanke shi an ɓoye aibinsa. Na cire murfin maka na juya bayan bod ɗin zan sa hannu.

Akwai sa hannu a wurin. K mai doguwar jela, wadda na yi shekara ashirin da biyar ina gani a kan kowace takardar gidanmu.

Zuciya ta taso mini. “Kawu, wannan hannun mijina ne.”

“Ashe ba ofis ba ne.”

“Kada ka raina mini hankali. Yaushe ka dafa shi? Ya kawo gyara ka zare masa mai kyau ka sa masa wanda ya ƙone, yanzu kuma ka kawo wa matarsa ta saya. Ko kunyar mamaci ba ka ji?”

Ya kunna taba ya ja. “Karanta kwanan watan da ke ƙasa.”

Na karanta. Afrilun bara ne. Watan da na koma ɗakin Inna.

“Asabar bakwai muna yawo a kasuwar nan ni da shi,” Kawu Sau ya ce. “Daga asibiti yake biyowa. Ya ce bod ɗin gida ya tsufa, wata rana zai mutu, shi kuma ba ya nan. Biyar muka gwada a kan teburin nan, duk da matsala. Wannan ne na shida. Ya sa hannu ya ce in ajiye.”

Na kalli hayaƙin da ke tashi daga yatsunsa. Warin da na yi ta shinshina a rigar Khiem ke nan.

“Me ya hana ka faɗa mini jiya?”

“Shi ya hana ni. Ya ce, matata ba ta yarda da maganar baki, in ka ce ni na bari za ta ce ƙirƙira ka yi. Bar ta ta zaga kasuwa, za ta dawo, kuma ba za ta karɓi komai ba sai ta juya bayansa. Na ce in wani ya goge mata fayafan fa? Ya ce ba a haifi wanda zai danna maɓalli a gaban Thoa bai yi mata bayani ba.”

Na nemi kujera na zauna. Kawu Sau ya kashe tabar ya fara aiki. Ya ɗora tsohon furosesa ya zauna daram, ram ya shiga da ’yar ƙara, ya jona wayoyin fayafan huɗu. Ban kalli hannunsa ba ko sau ɗaya. Fanka ta fara juyawa, fitilu huɗu suka kama tare, sunaye suka jeru a allo. Ya ce in zaɓi ɗaya mu tabbatar. Idona ya cika ban iya karantawa ba, na nuna wanda yatsana ya faɗa a kai.

Jita ta fara. Khiem ya yi gyaran murya, Inna tana cewa ya yi mata waƙar masu jirgin ruwa. Sai wata murya ta kutso daga nesa, daga kicin, da ƙarar tukwane. Tawa ce.

“Ka gama waƙar ka zo ka faɗa mini gidan uban wa ka je jiya.”

Khiem ya yi dariyar nan tasa. “Inna, kin ji ’yarki,” ya ce, ya ci gaba da kiɗa.

Kawu Sau ya kai hannu zai kashe. Na ce ya bari.